Usta Uzairu da Ƙanen Matarsa

A Hillat Yakubu, ƙauyenmu da ke gabas da Rufa'a, mutum biyu ne kaɗai suka taɓa ganin wasan golf da idonsu: Uzairu ɗan Alhaji Usmanu baduku, da Bilyamin ƙanen matarsa. Sauranmu labari muke ji, wai manyan mutane ne ke yawo cikin ciyawa suna dukan wata 'yar farar ƙwallo da sanda, in ta faɗa rami su tafa wa juna. Labarin Uzairu zan bayar, kuma mafi yawansa daga bakinsa na ji, don tare muka yi wasan ƙasa.

Uzairu ya tashi a rumfar dukancin mahaifinsa. Tun bai kai ya yi azumi ba yake naɗe ƙotar wuƙa da jar fata, da mariƙin bulala, da kan sandunan makiyaya masu cin kasuwar Rufa'a. Gonar gidansu da ke bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ba ta isa 'ya'ya maza bakwai ba, don haka bayan ya auri Sakinatu sun haifi biyu, sai ya naɗe basillarsa da wuƙarsa ya tafi Kartum. Shekara uku yana gyaran takalma a gindin wata darbejiya. Wata rana wani direba ya kawo masa doguwar jakar fata da maratayinta ya tsinke. Da mai jakar ya ga ɗinkin, sai ya aiko a zo masa da wanda ya yi shi. Ta haka Uzairu ya shiga wani filin golf da ke kudancin birni, kusa da kogi, aka ba shi ɗakin gyara da suke kira warsha.

Aikin da ya zama nasa shi ne sauya mariƙi. Kowace sandar golf tana da roba a samanta, tsawon taƙi da ɗan ƙari, inda mai wasa ke damƙa. Zafin Kartum ba ya barin roba ta daɗe. Sai ta bushe ta yi ƙyalli, ta riƙa santsi a hannu mai gumi. In an kawo wa Uzairu, sai ya matse sandar a wani ƙarfe da ke kafe a kan tebur, ya sa wuƙa mai lanƙwasa kamar ƙaramin lauje ya tsarge tsohuwar roba, ya kankare tsohon tef, ya naɗa sabo mai danƙo ciki da waje. Sannan ya toshe 'yar hudar da ke gindin sabon mariƙi da yatsa, ya zuba tina, ruwan nan mai tsinka fenti, a ciki ya girgiza, ya juye a kan tef ɗin, ya zura mariƙin da turi ɗaya. Akwai wani zane a jikin mariƙi wanda dole ya yi daidai da fuskar sandar. Muddin tina ba ta bushe ba ana iya murɗa shi a daidaita. In ta bushe, sai dai wuƙa.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki shi kaɗai, kuma ba a taɓa dawo masa da sanda an ce ta karkace ba. Usta Uzairu ake kiransa, wato gwanin sana'a. In ya zo salla gida, da farar jallabiya da rawani mai ninki, mu kan kewaye shi yana ba mu labarin Turkawa da 'yan Koriya da jakadu masu miƙo masa hannu su gaisa. Ba ya ƙarya, amma yana son a saurare shi.

Bilyamin kuwa a masaƙar Hasahisa ya yi ƙuruciyarsa, har aka rufe ta. Daga nan sai tsinkar auduga, sai dakon albasa, duk inda aiki ya faɗo. Mutum ne mai sanyin magana, ya ba arba'in baya, da 'ya'ya huɗu. Sakinatu ce ta dinga yi wa mijinta magiya har ya nema masa aikin ba ciyawa ruwa a filin. Ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. In rana ta take, Bilyamin kan shigo warsha ya fake a inuwa yana kallo. Wani lokaci da aiki ya yi yawa gabanin wata gasa, Uzairu ya ba shi kankarar tef. Kafin shekara ta zagayo an mai da shi warsha gaba ɗaya. A lokacin Uzairu har alfahari yake yi, yana cewa, "Ni na koya mishi, tun daga riƙon wuƙa."

Akwai wani dattijo, Dakta Hamid, likitan ido da ya aje aiki. Shekara tara Uzairu ke sa masa siririn mariƙi iri ɗaya, wanda shi da kansa yake nema. Ranar wata Talata Uzairu ya shiga kasuwa sayo tina, Dakta ya zo warsha ya tarar da Bilyamin. Ya ce ya zo ne a share masa sandunan zai ba jikansa, shi ya gama wasa, gaɓoɓin yatsunsa ba sa barinsa ya damƙi komai.

Bilyamin ya ce, "Dakta, ba ni hannunka in gani."

Ya juya tafin, ya dubi yatsun da suka kumbura. Ya ba shi sanda ya ce ya riƙe yadda ya saba. Sai ya ga farata na nutsewa cikin tsokar tafi, hannun kuma na rawa saboda matsi. Ya buɗe kabad ya ɗauko wani mariƙi mai kauri da taushi, ya naɗa tef ninki huɗu a ƙarƙashinsa, ya sa a sanda guda. Ya ce Dakta ya gwada wannan kaɗai, in ba ta yi ba ya ba jikan.

Bayan mako ɗaya Dakta Hamid ya shigo warsha yana dariya, da faranti cike da wani kek mai zaƙi da ake kira basbusa. Ya wuce Uzairu da sallama ya aje farantin a gaban Bilyamin. Sannan ya waiwayo ya ce, "Ya Usta, wannan ɗan'uwan naka ai likitan hannu ne. Ina ka ɓoye shi duk shekarun nan?"

Uzairu ya yi dariya, har ya ci basbusar. Amma ya gaya mini maganar ta ci masa rai. Abin da ya fi cinsa shi ne ya san mariƙin nan. Shi ya jera su a kabad, sun shekara biyar ba wanda ya nema. Shi a saninsa babban mutum ya faɗi abin da yake so, kai kuma ka yi masa shi tsaf. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa mai gyara zai ce wa likita ya miƙo hannu.

Labari ya bazu a filin. Masu wasa suka fara leƙowa ta ƙofa suna tambaya da Larabci, "Bilyamin fi?" wato yana nan? In aka ce ba ya nan, sai su ce to sa dawo gobe, su fita da sandunansu, Uzairu na tsaye da wuƙa a hannu. Bilyamin yana da nasa zaɓi ga kowa. Mai gumin hannu ya ba shi mariƙi mai zare a jiki, mai kaushi. Mai gajerun yatsu ya rage masa tef. Akwai wani Bature da ƙwallonsa ke yawan karkata hagu, Bilyamin ya ƙara masa kauri a ƙasan mariƙi kawai, sai ga shi yana yawo yana ba da labari.

Uzairu ya fara neman laifi. Yau tef ya yi yawa, gobe an ɓarnatar da tina, jibi ba a mai da wuƙa wurinta ba. Bilyamin sai ya ce, "To, Yaya, na ji," ya gyara. Wannan "to" ɗin ma haushi take ba shi. Ya daina cin abinci tare da shi, wai cikinsa ba ya son wake da rana. Da suka zo salla gida, Sakinatu ta nuna masa hoto a waya, Bilyamin a tsakiyar wasu masu wasa sun ɗora masa kofin gasa a hannu. Ya ture wayar ya ce, "Ba ni na kai shi ba?"

Ta ce, "To ai shi ya sa kullum nike gode maka, Malam. Mi ya yi zafi?"

Sai ya tashi ya fita.

Ya gwada kwaikwayonsa ma. Wani Baturke ya kawo sanduna ranar da Bilyamin ya tafi jana'iza, Uzairu ya gyara murya ya ce ya ba shi hannu. Ya duba, ya jujjuya, bai ga komai ba sai hannu. Ya sa masa mai kauri don kada a ce bai yi wani abu ba. Bayan kwana uku mutumin ya dawo, ya jira a bakin ƙofa har Bilyamin ya iso, aka yanke duka aka sake.

Sai maganar Ibtisam. Wata injiniya ce matashiya, ta fi duk matan filin iya wasa, za ta tafi gasa Masar. Ta yi odar mariƙi goma sha uku daga waje, irin masu wani ɗan tudu a baya da ke nuna wa yatsu mazauninsu. Goma sha uku cif, ba rara. Ranar Alhamis kafin azahar Bilyamin ya gama sa su, ya jera a jikin bango suna warin tina, ya ce, "Yaya, mu tahi masallaci."

Uzairu ya ce, "Yi gaba, ga ni nan."

Ya ce ba da niyya ya tsaya ba, fanka yake so ya kashe. Amma da ya juyo ya ga sandunan a jere, kowane zane a miƙe kamar an ja da zare, sai wani abu ya taso masa. Ya ɗauki ɗaya ya matse kanta tsakanin ƙafafunsa, ya damƙi mariƙin da hannu biyu ya murɗa. Ba da yawa ba, faɗin ƙwayar dawa. Ya yi wa ta biyu, ya yi wa ta uku. Ya mai da su wurinsu, ya wanke hannu, ya yi alwala, ya je ya tsaya a sahu kafaɗarsa na gogar ta Bilyamin.

Washegari da safe Bilyamin ya ɗauki sandunan ɗaya bayan ɗaya yana kanne ido yana bin tsawonsu, kamar yadda Uzairu ya koya masa. A ta huɗu ya tsaya. Ya aje ta gefe. Ya sake aje wata, ya sake aje wata. Ya daɗe yana kallon ukun nan. Bai ɗago ya dubi Uzairu ba ko sau ɗaya.

Da Ibtisam ta zo ya ce mata, "Ki yi haƙuri, hannuna ya kuskure a uku. Sun riga sun bushe, sai na yanke, kuma ba ni da irinsu."

Ta ce, "Ni fa saboda yabon da ake maka na ba ka." Aka sa mata wasu iri dabam a sanduna ukun, ta tafi. Ba ta ciyo komai a Masar ba. Ko saboda haka ne ko ba saboda haka ba, Allah ne masani.

Uzairu ya ce daɗin abin bai kai la'asar ba. Masu leƙowa da tambayarsu ba su ragu ba, har wasu suka ƙara yabon Bilyamin da cewa mutum ne mai faɗin kuskurensa. Abu ɗaya ne ya sauya. Tun daga ranar Bilyamin bai sake barin ɗanyen aiki ya fita ba. In ya sa mariƙi, sai ya kawo kwanon wakensa ya ci a gefensu, ya shimfiɗa darduma ya yi salla a gefensu, har su bushe. Yana nan yana kiransa Yaya, yana kawo masa shayi. Shekara biyu suka yi a haka.

Yaƙi ya tashi a cikin azumin shekarar dubu biyu da ashirin da uku. Kwana takwas suka yi a ɗaki suna jin ƙara, sannan suka sami wata babbar mota suka dawo gida. Uzairu bai fito da komai ba sai wuƙarsa mai lanƙwasa da basilla. Wata takwas muka yi tare a ƙauye kafin wutar ta iso yankinmu na Jazira, kowa ya kama gabansa. Su kuwa suka kwashi iyali suka nufi Rusairis, wurin Gwaggo Ruqaya, ƙanwar mahaifin su Sakinatu.

A can Uzairu ya koma gindin bishiya da tsofaffin takalma, yana da shekara hamsin da shida. Ba mai kiransa usta. Bilyamin ya shiga ƙwadago a gonakin bakin kogi. Da yamma sai ya zauna kusa da shi yana tsarge tsohuwar tiyub ɗin mota, yana naɗa wa matan da ke aiki tare da shi ƙotar fartanya, don ya ga tafukansu duk sun yi kanta sun fashe. Nan ma sai ya duba hannu kafin ya naɗa. Kafin wata biyu mata na zuwa daga wata unguwa da fartanyoyi a kai, su tsaya gaban Uzairu su ce, "Baba, ina mai duban hannu?" Shi kuma ya nuna da haɓa.

Wata safiya saƙon murya ya shigo wayarsa daga wata baƙuwar lamba. Dakta Hamid ne, daga Maskat, inda ya gudu wurin ɗansa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali. Sannan ya ce akwai wani filin golf a can da ke neman mai gyaran sanduna, da ɗaki da komai, kuma ya ba su labarin Bilyamin. Lambar Usta kaɗai gare shi, don Allah ya turo masa ta ɗan'uwan nasa.

Uzairu bai gaya wa kowa ba. Yakan sauka bakin kogi da hantsi ya kara wayar a kunne ya sake saurara, har ya haddace inda Dakta ke yin tari. A kwana na huɗu ya mai da amsa: shi yana nan lafiya lau, hannunsa bai manta komai ba, in ana so gobe ma sai ya taso. Dakta ya amsa da addu'o'i masu kyau, ya ce Usta ai ba a maganarsa, sannan ya sake neman lambar Bilyamin.

Abinci ya daina shiga. Sakinatu ta fara jiƙa masa saiwoyi, tana zaton shawara ce. A rana ta tara Bilyamin ya zo aron wuƙa, sai Uzairu ya miƙa masa waya a maimakonta.

"Saƙonka ne. Ya kwana tara a wurina."

Na tambaye shi ko tsoron Allah ne ya sa. Ya ce yana so ya ce haka, amma gaskiya gajiya ya yi.

Bilyamin ya saurara sau biyu, yana tsugune. Bai tambayi dalilin kwana taran ba. Ya miƙo wayar ya ce, "Allah shi saka wa Dakta. Ba ni zuwa."

"Mi ka ce?"

"Inna ta tsufa, Yaya, ga idonta. Kuma wani mai gona ya ba ni fili a bakin ruwa in sa albasa mu raba. Ni na gaji da ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci."

Uzairu ya ce bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba. "Ka san mi kake ƙi? Mutane na kwana a layi don fasfo, kai an aiko har gida ana roƙonka!" Masu wucewa suka tsaya kallo. Abin da ya hana shi barci da ci kwana tara, ga wani ya ture shi da ƙafa don albasa.

Bilyamin ya karɓi wayar, ya danna, ya yi magana a hankali da Larabci. Ya ce wa Dakta shi ba zai samu zuwa ba, amma wanda ya koya masa aikin yana nan. Ya ce a duk shekarun da ya yi bai taɓa zura mariƙi a miƙe kamar na Usta Uzairu ba, kuma in sun ɗauke shi ba za su yi da-na-sani ba, shi ya tsaya masa. Ya tura, ya ɗauki wuƙar da ya zo ara, ya tafi.

Uzairu ya ce da marinsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Amma ya tafi. Bayan wata uku takardu suka fito, ya bi ta Port Sudan ya hau jirgi. Ranar tafiya a tashar motar Rusairis suka yi abin da kowa ke yi, "a yafe juna, a yafe juna," suka rungumi kafaɗa. Maganar sanduna uku ba ta fito ba, kuma har yau ba ta fito ba.

Yanzu yana can Maskat a wata warsha mai sanyi, da injin da ke hura iska ya zura mariƙi ba sai an sa tina ba. Ya ce a hankali ya koyi duban hannu. Wata shida yana tambayar mutane inda ke musu ciwo, yana kuskure yana sakewa, kafin idonsa ya fara gani. Suna yabonsa. Akwai masu jiransa in ba ya nan. Ya mai da iyalinsa ƙauye bayan hanya ta buɗe, ya sake rufin ɗakunan da aka ɓalle wa ƙofofi. Bilyamin kuwa ya zauna a Rusairis da uwarsa da gonarsa.

Da babbar sallar da ta wuce Uzairu ya zo hutu. Ya yi ƙiba, ya yi fari, da agogo a hannu. A rumfata ya zauna bayan la'asar muna shan jabana, gahawarmu ta gargajiya, ya ba ni duk wannan labari tun daga farko, bai rage ba. Ina tsammanin zai ce in raka shi Rusairis. Sai ya jujjuya ɗan finjalin a hannunsa ya ce, "Kai da kake jin labarin mutane, albasan nan tashi, da gaske ta kai yadda Sakinatu ke faɗi?"

Na ce ta fi. Bana har daga Damazin 'yan kasuwa suka zo gonar da mota.

Ya kurɓi sauran gahawar, ya daɗe yana kallon hanya.

"Ƙasar Rusairis ce mai kyau," ya ce. "Ko wa ya shuka sai ta yi."